Masarar Kajin Baba Tanko

Duk wanda ya taɓa jiran motar shiga gari a bakin titin Ushafa, a shekarun nan da mulki ya dawo hannun farar hula, ya san ba a shiga mota sai an saurari labarai. Ba na rediyo ba fa, na Baba Tanko! Ƙarfe bakwai zai ɓullo daga gona, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa, fartanya a kafaɗa, ya tsaya gabanmu mu ma'aikata, ya yi gyaran murya.

"Ga labarai! Tsutsa ta shiga masarar Ishaya. Akuyar gidan Liman ta cinye rogon Maman Talatu, an kama ta, ta ƙi ba da haƙuri. Doyata kuwa lafiya lau, tana gaishe ku."

Direba na ta danna ham, Baba zai ɗaga masa hannu. "Direba, Utako ba guduwa za ta yi ba. Saura labarin gyaɗa."

Ni Oga Ofis yake ce min, alhali ɗan ƙaramin akawu ne ni. Na zo Abuja da mata da yara huɗu, benaye na ta tsirowa, kowa na cewa arziki ya zo, amma albashina kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Baba ne ya yanka min gefen gonarsa ya ce in noma abin da yara za su ci. Ni da maiɗakina mun riga mun yanke: in gonar nan ba ta yi ba, ita da yaran ƙauye za su koma, ni in zauna ni kaɗai.

Kai, mutumin nan bai yarda a bar komai a ƙasa ba! Ran nan za mu ɗaurin aure Bwari, ya sha babbar riga, sai muka bi ta inda shanun Fulani suka wuce. Kawai na ga ya durƙusa, ya zaro leda daga aljihu, yana kwasar kashin shanu, ɗanye shar.

Na ce, "Haba Baba! Ɗaurin aure fa za mu!"

Ya ce, "To, ango na ce zan ba wa? Na doyata ne."

Haka ya riƙe ledar nan har aka shafa fatiha, jama'a na ta matsawa. Da muka fito ya taɓa ni. "Ka gani? Kowa a matse, ni kaɗai na samu tabarma guda."

Sai shekarar da aka turo mana malamin gona, mutumin kirki, da takardu da tef ɗin awo. Ya ce tsakanin rami da rami a riƙa aunawa da tef. Baba ya ce, "Malam, ranar da tef ɗin ya ɓace fa? Ni ƙafata shekara saba'in ba ta taɓa ɓata ba." Ashe da mutane suka watse, ya lallaɓa ya ari tef ɗin ya gwada tafin ƙafarsa, ya ga ya yi daidai da tazarar da malamin ya faɗa. Washegari muka ji a labarai: "Gwamnati ta amince da ƙafata."

To, ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Mahaifina ya aiko min da irin masara daga gida, jar masara mai saurin nuna, ɗauri ɗaya tak. Ɗakinmu ɓeraye sun fi mu iko da shi, don haka na kai wa Baba, ya rataye min a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Da ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ma'aikata masu 'yan gonaki kowa ya ruga shuka. Ni ma na je karɓar irina.

Baba ya ce, "Ba yanzu ba. Wannan ruwan gaisuwa ya zo yi, zai koma."

Na ce, "Baba, kowa ya shuka."

"Kowa yana da iri biyu. Kai ɗaya gare ka."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa irin nan nawa ne, ba nasa ba, ni ba yaro ba ne, har da Turanci na haɗa masa. Ya kalle ni, sannan ya ce in dawo da yamma. Da na koma ya miƙo min gwangwani cike da gyararriyar masara, ja wur. Ko godiya ban yi ba. Na shuka, ta fito gwanin sha'awa, ina wuce shi a bakin titi ina ɗaga kai.

Sai sama ta ɗauke. Sati ɗaya, biyu, uku, ko ɗigo. Masarata ta lanƙwashe, ta ƙone ƙurmus. Ranar da na tabbatar babu abin da zai tashi, na zauna a kan kunya na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Maiɗakina har ta fara ɗaure kayan yara.

Ruwa na gaskiya ya dawo ranar wata Lahadi. Litinin da safe ina tsaye ina jiran mota, kaina a ƙasa, sai ga Baba da buhu a kafaɗa maimakon fartanya.

"Ga labarai! Damina ta zauna. Na biyu, masarar Oga Ofis ta ƙone, muna yi masa jaje. Na uku, kada ya damu, abincin kajina ya shuka. Kajin sun ce sun yafe."

Ya sauke buhun a gabana. Irin mahaifina ne, ɗaurinsa ko kwance shi ba a yi ba, yana ƙanshin hayaƙi. Jama'a suka fashe da dariya, direba har da dukan sitiyari. Ni kuwa sai na durƙusa a ƙasa da kayan ofis ɗina.

Ya ce, "Tashi, tashi, kana ɓata wando. Yau babu ofis, mu je gona."

A shekarar muka cika rumbu. Yaran nan huɗu a gabana suka girma, ba wanda ya koma ko'ina, kuma babbar cikinsu ita ta riƙe wa Baba kofin ruwa a jinyarsa ta ƙarshe.

Na gaya masa magana mai zafi, ya rama min da alheri. Allah, Baba Tanko ya ɓoye min abin da ban isa in riƙe ba har lokacinsa ya yi. Ka jiƙansa, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa ya tarar da abin da ya shuka ya fi abin da yake zato. Amin.