Babani da Tsutsar Dusa

Babani ya zo Abidjan daga Madawa tun gashin kansa yana baƙi wuluk. Takalman roba ya yi ta sayarwa a bakin titi a Adjamé, har ranar da aka zo da katafila aka share rumfunan layinsu kaf. A lokacin gwiwoyinsa sun riga sun gaji, bai sake neman wani wurin ba. Ya koma gidan haya a unguwar Liberté ya zauna, shi da matarsa Jannatu da 'yan kajinsa a lungun bayan ɗaki.

Kajin ma ciyar da su ya zama aiki. Masara ta yi tsada, ƙwai ya ja baya. 'Yarsa Fauziyya, wadda ke aure a Treichville, ita ta kawo masa tsutsotsi a gwangwanin madara, 'yan rawaya masu sheƙi. Hausarta ba ta nuna ba, rabin bayanin da Faransanci ta yi shi.

"Papa, dusar alkama kawai za ka zuba musu a roba. Su zama ƙwaro, ƙwaron ya yi ƙwai, wasu su fito. Kaji suna so, wallahi."

Jannatu ta leƙa, ta ja da baya. "Malam, da girmanka, kiwon tsutsa? A gida da raƙuma aka san ku."

"Raƙuman suna ina?" in ji shi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Damina ta sa dusar ta yi fumfuna, rabinsu suka mutu. Kiyashi suka far wa sauran, sai da ya tsoma ƙafafun teburin da robobin ke kai cikin gwangwanayen ruwa. Ya koyi ba su ɓawon dankali da karas a maimakon ruwa, ya koyi tankaɗe kashinsu da rariya. Kowace safiya yana duƙe a kan robobi, ƙugunsa na sara.

Wata Juma'a, bayan an idar da salla a babban masallacin Treichville, ya tari Malam Sha'ibu, tsohon abokinsa mai karantarwa, ya rage murya. "Allah gafarta Malam, ƙwan kazar da ta ci tsutsa, ya halatta?"

Malam ya yi dariya. "Kazar da ke tonon juji, me kake zaton tana ci? Ci ƙwanka, Babani."

Ƙwai kuwa ya dawo, gwaiduwa ja-jawur. Jannatu ta daina magana, har takan ajiye masa ɓawo.

Ana haka mai gidan ya zo ya ce za a rushe a gina bene, kowa ya nemi wuri. Fauziyya ta ce akwai ɗaki a wurinsu. "Amma Papa, can sama ne. Ba wurin kaji."

Wata maƙwabciya ta yarda ta karɓi kajin. Tsutsa kuwa, duk wanda ya yi wa tayi sai ya girgiza kai.

Ranar tashi Babani ya fito da robobin ya kife su a ƙasa, dusa da tsutsa da ƙwari duka. Kaji suka yi caa a kai. Ya zauna a benci yana kallonsu har suka ƙoshi. Jannatu ta wanke robobin ta jera tukwane a ciki.

A Treichville, sai da ya huta a kowane hawa kafin ya kai ɗakin.