Hoton Rumbun Kawu: Shekara Bakwai Bayan Nafi'u

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanina Nafi'u makwancinsa a ƙauyenmu da ke arewa da Ɗanbatta. A lokacin kaka ya rasu, gero na kwance a gonaki. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin abin da na gani a makon jiya har yanzu ya hana ni sakat.

Nafi'u ɗan rahoto ne a wani gidan rediyo a Kano, muryarsa ce jarinsa. Da zamani ya juya aka ce kowane ɗan rahoto sai ya haɗa da hoto da bidiyo saboda shafin intanet, sai aka damƙa masa kyamara, furfura ta riga ta fara leƙo masa a gemu. Hotunansa na farko abin dariya ne. Ya ɗauki akuyar Inna ta fito ba kai. Ya ɗauke ni na fito kamar gindin tukunya, haƙora kawai ake gani. Mun yi masa tsiya har muka gaji, amma Nafi'u akwai naci. A hankali ya gane cewa rana tsaka ba ta ƙaunar fuskar mutum, sai hantsi ko la'asar sakaliya. Ya koyi riƙe numfashi kafin ya danna, ya koyi durƙusawa idan wanda zai ɗauka a zaune yake. Idan ya juye hotuna a kwamfuta, sai ya bi kowanne ya rubuta sunan mai shi da garin da abin da yake yi. Yakan ce hoton da ba bayani maraya ne, duk wanda ya tsince shi sai ya raɗa masa sunan da ya ga dama.

Da hannunsa ya faɗa, sai ya fara tara matasa a zaurenmu ranar Asabar yana koya musu kyauta. Wanda ya fi su kai shi ne Sadiku, ɗan maƙwabtanmu. Nafi'u na ji da shi sosai.

Muna da kawu, wan mahaifiyarmu. Zan kira shi Kawu Ilu, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Manomi ne wanda bai taɓa awo a kasuwa ba, shi ke fitar da zakka a ba wasu. Mutumin birni ba lalle ya gane ba, amma a wajenmu, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, kowa na ganin damin da kowa ya ɗauko, wuri ɗaya ne ya rage wa magidanci ya ɓoye sirrinsa, wato cikin rumbunsa. Ba a leƙa rumbun mutum. A gidan Kawu ko matarsa ba ta leƙawa, shi ke hawa ya fido mata. Ya cika ko ya yi ƙasa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Nafi'u ya so ya yi rahoto kan yadda dattawa ke gyara rumbu kafin girbi: a kwashe ragowar tsohon hatsi, a share, a toshe ramin ɓera, a yi yaɓe, a barbaɗa toka da ganyen darbejiya saboda ƙwari. Ya yi ta zarya gidan Kawu har ƙafarsa ta yi hanya. Daga ƙarshe Kawu ya ce, "Don kai ne. Amma ba abin da zai fita sai na gani na yarda." Nafi'u ya yi masa alkawarin haka, ya ɗauki hoto biyu. Na farko Kawu ne a kan tsani, an sauke jinka, yana duban cikin rumbun da ya share tas. Na biyu bayan girbi, rumbun ya cika har wuya. Ya wanke su a takarda don ya kai wa Kawu ya gani, sai ciwo ya kwantar da shi. Rahoton bai fita ba, takardun suka zauna a akwatina. Kyamarar da kwamfutar kuwa, iyali suka ba ɗalibansa don su zame masa sadaka mai gudana.

Bayan 'yan shekaru, lokacin da hatsi ya yi tsada, sai ga hoton farko a wayoyin mutane. An rubuta a ƙasansa cewa yunwa ta sa dattijo ya leƙa rumbunsa bai sami ko ƙwaya ba. Hoto kuwa ɗan'uwan magana ne, zarar bunu. Duk damina sai ya dawo da sabon suna, yau a ce wannan jihar ce, gobe a ce waccan. A kasuwar Ɗanbatta wani ya miƙa wa Kawu waya ya ce, "Baba, ashe haka abin ya kai ba ka faɗa ba?" Da kaka ta zo, wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya ya aiko masa da damin gero na zakka. Ku duba wannan tsaka mai wuya. In ya mayar, ya ci mutuncin mai alheri. In ya ce rumbuna cike yake, ya yi alfahari, ya kuma buɗe abin da ba a buɗewa. Ya karɓa ya yi godiya, ya aika da shi wani gida a ɓoye. Tun daga ranar bai sake zama a rumfar da ya saba zama ran kasuwa ba.

Ban san wanda ya saki hoton ba sai makon jiya. An gayyace ni rufe wani taron bita na matasa masu koyon ɗaukar hoto don aikin jarida, a wani ɗakin taro wajen Ungogo. Mai koyarwar Sadiku ne. Ya sa aka yi wa malaminsa addu'a, har na ji ƙwalla. Sannan ya kunna majigi, sai ga Kawu a jikin bango. Asalin hoton ne: ga kwanon toka a gefe, ga ganyen darbejiya, ga gero ya nuna a gona can baya, ga ɗan murmushi a bakin tsohon. Ina kallo Sadiku ya yanke gonar, ya yanke kwanon tokar, ya dusashe launin, ya ƙara duhu a tamojin fuskar har murmushin ya koma kamar cije baki. Ya juyo ya ce, "Kun gani? Yanzu hoton yana magana." Aka yi tafi. Ni kuwa ji na yi kamar na haɗiyi ƙuda.

Da aka tashi na ja shi gefe na ce, "Sadiku, ka san rumbun wane ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Baba, ai ana yunwar. In ba shi ba ne, wani ne. Misali kawai muka yi da shi."

Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ban musa ana yunwa ba, na san gidajen da ake kwana ba a ɗora tukunya ba. Amma nemo su aiki ne: sai ka taka, ka yi sallama, ka zauna a tabarma, ka ji ko sun yarda a gan su. Wannan wahalar ce ba a so. Ya fi sauƙi a tona kwamfutar mamaci, a ɗauko tsohon da ba ya karatun boko, a sa masa rigar bara. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne yanzu darasi ne ake koyarwa, da takardar shaida a ƙarshe.

Na tabbata da Nafi'u na nan da ya yi murna da kayan aikin yau. Wayar da ke aljihun ɗalibai ta fi kyamararsa ido, ga 'yan mata sun cika rabin ɗakin, abin da ya daɗe yana fata. Sai dai a duk abin da na ji an koyar, daga haske zuwa haɗa murya da bidiyo, ban ji an ambaci neman izini ba. A da muna cewa gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an bincika wa ya gyara shi.

Daga wurin taron na koma gida na buɗe akwati, na ɗauki hoto na biyu na nufi ƙauye. Na iske Kawu a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya jiƙan yaron nan. Shekarar an yi gero."

Na ce, "Kawu, zan sa shi a jarida, duniya ta ga ƙarya aka yi maka."

Ya girgiza kai. "Wanda ya ga rumbu ba komai ya leƙa, wanda ya gan shi cike ma ya leƙa. Ka rubuta abin da za ka rubuta, ka sake mini suna. Amma Nafi'u ya ce sai na gani na yarda. To, na gani. Ban yarda ba."

Ya naɗe hoton ya sa a aljihun gaba.

Editan shafin nan ya nemi in haɗo masa da hoto, na ce babu. Kyamarar Nafi'u ta faɗa hannun da ta faɗa, ba yadda zan yi da ita. Abin da ya rage mini nasa shi ne alkawarin da ya ɗaukar wa wani tsoho a gindin rumbu, kuma na cika masa shi, ko da ya makara da shekara bakwai. Allah ya kai haske kabarinka, Nafi'u. Kawu ya gani, ya ce a'a.