Mai Shan Jini a Asibitin Damari

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe abin da bakina ya jawo a Damari ba, shekarar da na dawo hutun farko daga kwaleji.

A lokacin ba ni da abin so kamar tsofaffin littattafan Turawa na ban tsoro, masu labarin kangayen gidajen sarauta da fatalwa da matattu masu tashi. Da hantsi matan gidanmu da na maƙwabta kan zauna yankan kuɓewa a gindin darbejiya, ni kuma ina juya musu labaran da Hausa. Allah ya ba ni baki, ga ƙarin gishiri. Wanda ya fi kama su shi ne na wani mai shan jinin mutane. Na ce dogo ne, ba ya son rana, ba a taɓa ganin yana cin abinci ba. Da Gwaggo ta tambaya ko da gaske ne, don labarin ya yi armashi sai na ce an yi shi a wata ƙasa.

Ashe ƙaramin asibitin garin ya samu sabon ma'aikaci mai gwajin jini. Dogo ne, kullum da baƙin tabarau saboda ciwon ido, ga shi mai yawan azumin nafila. Kafin mako ya zagayo, mata sun daina kai masa yara, alhali tsakiyar damina ce, zazzaɓi ya cika gari.

Ban san da wannan ba sai da 'yar yayana ta kwana biyu jikinta kamar garwashi. Na ce a kai ta gwaji, uwarta ta rungume ta tana kuka.

"Ba ni kai ta wurin mutumen nan. Ke da bakinki kika faɗi kamanninshi!"

Ban tsaya kame-kame ba. Na ɗauko littafin, na fito tsakar gida, na ɗaga shi sama.

"Gwaggo, ƙarya na yi maku. Wani Bature ne ya zauna ya ƙirƙiro shi, kamar yadda kike mana gatanan gatananku. Ku taso mu je, da ni za a fara."

Gwaggo ta harare ni ta ce, "To 'yar boko, shige gaba."

Mu tara muka isa asibitin. Na gaida mai gwajin jinin, na faɗa masa komai a gaban kowa. Ya cire tabaran, ga idanu jajaye suna hawaye.

"Shi ya sa ko gaisuwata ba a amsawa," ya ce. "Ni na ɗauka baƙunta ce."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na miƙa yatsa, ya soke shi, ɗigo ɗaya tak. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Wannan ai ko sauro bai ƙoshi da shi." Aka fashe da dariya, matar yayana ta kwance goyo. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, har ya fara cin ƙarfin yarinyar. Aka ba ta magani, bayan kwana uku tana wasa a ƙofar ɗaki.

Har yau ina karanta irin waɗannan littattafai, ina kuma ba da labarinsu. Amma na koyi cewa labari in ya bar bakinka, kan wani yake sauka, kuma wanda ya iya ba da tsoro, wajibinsa ne ya faɗi inda gaskiya ta tsaya.