Kwanar da Baba Habu Ya Bar Mini

Da hantsin ranar Talata ina tsugune gaban bahon ruwa, ina neman inda tayar wani ɗan acaɓa ke fitar da iska, sai na ga ƙafafun Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, sun tsaya a gabana. Bai yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya ce, "Ɗanliti, ajiye tayar nan. Maƙwabcinka ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa, ruwan bahon na jiƙa mini wando.

Malam Habu mai walda, wanda duk Rigachikun ke kira Baba Habu, shagonsa na manne da rumfar da nake faci. Ƙofofi da tagogi ne abincinsa. Amma in aiki ya lafa, sai ya ɗauko wayoyin ƙafar keke da tsofaffin cokula, ya ƙera hanya mai hawa-hawa. Ƙwayar boris ta gangaro daga sama, ta sha kwana, ta faɗa cikin cokali, cokalin ya sunkuya ya miƙa ta gaba, har ta iso ƙasa ta bugi ƙararrawar keke. Ƙwayoyin yana kiransu fasinjoji. Kowace matsaya kuma da sunanta, rubuce da ajami a guntun langa-langa: sunayen tashoshin motar yankinmu, Katabu a sama, Kawo a ƙasa wurin ƙararrawa. Mutane na cewa aikin banza ne, amma na sha ganin dattawa sun faka mashin sun tsaya kallo, baki buɗe.

Wutar walda ta ci masa ido, don haka da kunne yake aiki. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ba ni da abin nishaɗi sai shi. Na taɓa jefa masa ƙwallon magarya cikin ƙwayoyin. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Wane shaƙiyyi ne ya shigo mini da fasinja mara nauyi?" Na ce, "Tsoho, kunnen nan naka ka sayar mini." Ya ce, "Me za ka yi da shi? Naka biyu ma ba ka amfani da su."

Doka ɗaya yake da ita a shagon. In ƙwaya ta tsaya, yaro ya kai yatsa, sai ya riƙe hannun a hankali ya ce, "Ba a tura ta. In ta tsaya, hanyarta ce ke da magana." Haka yake da mutane. Ranar da 'yan acaɓa suka zo za su dake ni don na ɗaure musu mashina biyu da igiya, shi ya fito da baƙin gilashinsa a goshi ya ba su haƙuri. Bayan sun tafi bai zage ni ba. Filaya ya miƙo mini ya ce in zo in koyi lanƙwasa waya, tunda hannuna ba ya zama. Na yi dariya na koma rumfata.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu, kuma da nauyi nake yinsa. Kafin ya kwanta ciwo ya gama wata babbar hanyar ƙwayoyi, tsayinta ya kai kafaɗata, ta jikokinsa ce ta sallah. Wata rana ya tafi sallar Azahar, na shiga na ɗauki filaya na ɗan matse wata kwana, kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Ƙwaya ta zo nan ta tsaya cak. Kwana uku ina kallonsa yana zagaya ta, yana ƙorafi da ƙarfi, "Kai, wannan abu ya fi ƙarfina!" Ni kuwa ina rumfata ina danne dariya. Na ce Juma'a zan faɗa masa. Alhamis aka kai shi asibiti. Na je dubiya sau ɗaya, ɗakin cike da mutane, na ga yadda ya rame, na gaishe shi kawai na fito. Na ce in ya dawo.

Tun da aka binne shi abinci bai yi mini daɗi ba. Tunanina ɗaya: ya tafi yana zaton hannunsa ne ya tsufa, alhali nawa ne, kuma ban nemi yafiyarsa ba.

Bayan sadakar bakwai Inna Hajara, matarsa, ta aika aka kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, mai shago na son wurinsa. Waccan babbar kuma an ce ba ta aiki, jibi 'yan gwangwan za su zo su kwashe." Na roƙe ta makulli.

Da safe muka buɗe shagon da Baba Yohanna, aminin marigayin. Na nufi kwanar kai tsaye, sai na tarar da sabon guntun langa-langa a ɗaure a wurin, da rubutunsa mai karkata: Kwanar Ɗanliti. Filayar kuma na rataye a gefe. Baba Yohanna ya ce, "Kai kana ganin shi za ka ruɗa? Gangarowar farko ya ji wurin. Duk ƙorafin nan don kai yake yi, in ka juya baya dariya muke. Ya ce a bar maka, ranar da ka zo gyarawa ka fara koyon aiki ke nan."

Abin da na ɓata cikin ƙiftawar ido, sai da na kai La'asar ina fama da shi. In na buɗe da yawa ƙwaya ta faɗo, in na rage ta tsaya. Yatsana ya yi ta ƙaiƙayi in tura ta, ban tura ba. Da ƙararrawar Kawo ta buga, Baba Yohanna ya cire hularsa ya juya yana kallon titi. Mun kai wa Inna hanyar gida a amalanke. Ta ji ƙarar sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a ajiye a zaure. Sunana na nan ɗaure a kwanar, ban cire ba.

Ya Allah Ka jiƙan Baba Habu, Ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ka haskaka kabarinsa, Ka mayar masa da ganin da wuta ta ci, Ka sa hanyarsa ta miƙe har Aljanna ba tare da tsayawa ba. Ka ba Inna Hajara da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, Ka sanyaya zuciyar abokinsa Baba Yohanna. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.