Sunan Baba Ilu a Ƙasan Hoto

Har gobe ba na manta ranar da Baba Ilu ya shigo shagonmu na bidiyo a unguwar Hindawiyya. Shekarata huɗu ke nan a Jidda, ba iƙama, wato takardar zama, ba dangi. Daga ni sai kwamfuta a ƙuryar shago, nan nake wuni ina gyaran bikin mutanen da ban sani ba.

Ku yaran yanzu da waya ke yi muku komai, ku saurara. A lokacin, wanda ya daɗe bai je gida ba yakan zo mu ɗauke shi yana gaisuwa, mu zuba a faifai, ya ba alhazai su kai. Aikina in sa sunansa a ƙasan hoton. Farin rubutu ba ya fitowa a kan farar jallabiya, shi ya sa nake shimfiɗa masa baƙin zirin da ya yi duhu ta hagu, yana dusashewa zuwa dama. Ƙa'idar shago kuwa: suna ya fito, ya yi daƙiƙa biyar, ya ɓace.

Baba Ilu ɗan dako ne a unguwar Karantina. Ya baro 'yarsa Hadiza a Gaya tana goye, ga shi har ta aurar da tata 'yar. Da na nuna masa aikin, yana ganin sunan ya ɓace sai ya kama hannuna.

"Ɗana, ina ya tafi?"

"Haka ake yi, Baba."

"A'a, mayar da shi. Hadiza ba ta san fuskata ba. In ta waiwaya ta dawo, wa za ta ce tana kallo?"

Maigidana Ustaz Umar, haifaffen Jidda, ya leƙo ya ce, "La, la, wannan ba shugul ba ne, ba haka ake aiki ba. Minti ashirin da rubutu? Halas, magana ta ƙare, daƙiƙa biyar." Na ce to. Yana fita na ja zirin nan tun daga bismilla har sallama. Ya gano daga baya, na sha faɗa.

Bayan aikin Hajji na gaba wata hajiya ta kawo faifan amsa shagon, don adireshinmu ne a jikin faifan. Na je Karantina neman Baba, maƙwabtansa suka ce ai an yi wata biyu da binne shi.

Na dawo da azahar, an rufe shago, na sa faifan ni kaɗai. Wanda ya ɗauki hoton bai iya sa rubutu ba. Sai ga mace mai furfura a zaune, ta riƙe kwali a ƙirji, an rubuta da gawayi: "Hadiza, 'yarka." Ba ta sauke shi ba har ta gama. Wallahi na yi kuka kamar ni aka aiko wa.

Tun ranar ban ƙara yanke wa kowa daƙiƙa biyar ba. Kafin in taɓa komai, sai na tambayi mutum wa zai kalla, kuma yaushe rabonsu da juna.