Faifan da Sanyi Ya Jefa Rafi

Shekarun baya, ina tuƙin tasi a filin jirgin da ke kusa da garin Sterling, can ƙasar Turawa, ni da ɗana muka zama kamar maƙwabta a gida ɗaya. In na yi masa Hausa, ya amsa da Turanci a taƙaice, ya shige ɗaki. Abin yana ci mini rai, ga gajiyar hanya.

Abu ɗaya ke sa shi fara'a: wani wasa da ake jefa faifan roba cikin kwandon ƙarfe daga nesa. Sai na sayi faifai a ɓoye. Duk lokacin zafi, in na tashi aiki, sai in je filin wasan in yi ta jifa, riga na manne mini a jiki. Da furfurata ina bin roba cikin ciyawa. Akwai rafi a tsakiyar filin, kuma kafin zafi ya wuce faifaina na tsallake shi ba wahala.

Ban gayyaci yaron ba sai da na tabbata na iya, wato sai Disamba. Muka je bayan sallar Juma'a, ina sanye da kaftani da rigunan sanyi a kai, yatsuna sun ƙage.

Na yi jifan da na saba. Faifan ya tashi kamar mai jin barci, ya karkata hagu, ya faɗa tsakiyar rafi. Na tsaya baki buɗe, kunya ta rufe ni.

Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya yi mini bayani da Turanci: iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, tana tare faifai, robar ta ƙandare, ga hannuna cunkushe cikin riguna. Sai ya dubi yadda na tsaya, irin tsayuwar masu wasan. Da Hausa ya ce, "Baba, yaushe ka koya?"

Na ce, "Lokacin da kake ɗaki."

Ya cire takalmi, ya shiga ruwan sanyin nan ya ɗauko mini.

Yanzu yana wata jiha, kafaɗata ta daina yarda da jifa, tuƙin kuma bai ƙare ba. Ba mu zama abokan doguwar hira ba, kada in yi muku ƙarya. Amma duk ranar da sanyi ya sauka, yakan kira ni: "Baba, yau iska da nauyi."

Sai in ce, "Da nauyi, ɗana." In bar wayar a kunne har ya gaji ya kashe.