Hannun Baba da jinin zomo

Jiya na wuce masu wanki a unguwar Itapagipe, warin sabulun toka ya buge ni, sai na tuna Baba. Ba shi ya haife ni ba, jirgin bayi ɗaya ya ƙetaro teku da mu. Ubangidansa ya ba da hayarsa gidan likitocin Turawa yana wanke kwalabe, ni kuma ina ɗaukar kejin zomaye.

Sabulun nan ya cinye masa hannu. Tafin ya tsage, jini na tsattsafowa. Kullum kafin ya fara aiki sai ya shafa manja, ya ce, "Yi haƙuri, hannu, yau ma."

Wata rana likita ya ɗiga ruwan sabulu cikin jinin zomo. Jinin ya tsinke, ya koma kamar ruwan wankin nama. Likita sai murna.

"Ɗana, me yake cewa?"

"Wai sabulu na fasa ƙwayoyin jini, Baba."

"Zomo sau ɗaya aka ɗiga masa. Ce masa ya duba nawa."

Kalma ɗaya daga bakin likita ta isa a cire shi daga wanki. Na faɗa da Fotugis ɗina mai ɗingishi. Baba ya miƙa hannayensa biyu. Likita ya ɗora masa kwalbar jinin a tafin, wai ya wanke.

Damina ba ta ƙare ba ruɓa ta kama hannun, ta haura. Ni na yi masa wanka, da ruwa zalla.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya duba hannun nan da kansa.